Sanyi a Bakin Garwashi

Shekara talatin da ɗaya ina gasa kifi
a Matosinhos, layin bayan tashar masunta.
Na san wuta. Na san garwashin da ya nuna
da wanda ja ne kawai a ido.
Sai ga ni kwance a asibitin Porto, hannu bisa kai,
an ɗiga mini tawada uku a ƙirji.
Kar ki motsa, Graciete, riƙe numfashi.
Nasu gashin ba hayaƙi, ba ƙauri.
Sau ashirin da biyar na je.
Suka bi gurbin nonon hagu, suka haura har ƙashin wuya
kada wani iri ya laɓe a can.

Aka ce sankara ta tafi.
Albano ya yi kuka a jirgin komawa gida,
ya ce wai mura ce.

Shekara uku ba abin da ya taɓa ni.

Sai daren São João, tsakiyar zafi,
layi cike da mutane, gumi na bin wuyan kowa,
ni kuwa rigar sanyi biyu a jikina,
ina tsaye a bakin wuta haƙora na haɗuwa.
Na ƙona kifi shida. Ni.
Na zuba gishiri, na manta, na sake zubawa.
Muryar da nake kiran masu wucewa da ita
ta koma kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.
Zoben aure ya nutse a yatsa.
Matakala goma sha huɗu ne zuwa ɗakinmu,
a na bakwai nake zama in huta.

Ƙanwata Ermelinda ta ce tsufa ne, wa ya tsira?
Albano ya ce gajiya.
Ni ban ce komai ba.
Da dare nakan lalubi hammata da yatsu uku,
ina neman baƙuwar da na san fuskarta.
Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Likita Noémia ba ƙirjina ta duba ba.
Girata ta kalla, inda wutsiyar ta zube,
ta zagaya bayana, ta dafa maƙoshina,
ta miƙo kofin ruwa: haɗiye.
Kwana biyu, jini ya yi magana.
Ta zana wani abu a bayan takarda, fiffike biyu.
Tayirod, in ji ta. Nan take zaune, a gindin wuya,
ita ke hura wutar jiki.
Tana maƙwabtaka da inda muka gasa,
zafin yakan lashe ta, ba ta nunawa sai an jima.

Na ce, ba ita ce ta dawo ba?
Ta ce, ba ita ba ce.
Na yi dariya har na ba ta tsoro.
Daga baya, a tashar mota, haushi ya zo:
wani ya taɓa faɗa mini?
Wataƙila an faɗa, a takardun da na sa wa hannu
ran da ba na jin komai sai bugun zuciyata.

Ai na sani tun ina yarinya,
ba a gasa na tsakiya na gefe bai ji ba.

Yanzu ƙwaya ɗaya, ƙarama kamar idon kifi,
ƙarfe shida, cikin wofi, da ruwa zalla.
Rabin awa kafin kofi.
Ina zama a taga, in kalli tsuntsayen teku
suna faɗa kan kayan cikin da masunta suka zubar.
Sau biyu aka canza awon maganin, za a sake diban jini a Oktoba.
Gashi ya ci mini gashi, na ce wa Ermelinda,
ta kawo fensirin gira, ta zana mini ta hagu a karkace.

Jiya na cire rigar sanyi ɗaya.
Albano ya gani, ya ci gaba da fasa gawayi.